Kwalbatin Kan Tudu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya saukar da ruwa daga sama da gwargwado, ya hore masa bin gangara, ya hana shi hawan tudu, ya kuma bayyana wannan ɗabi'a tasa a fili har saniya a makiyaya ta san da ita. Tsira da aminci su daɗa tabbata ga fiyayyen halitta, Manzon rahama, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar da za a tsayar da kowane mai riƙon amana a tambaye shi yadda ya yi da ita.

Bayan haka, na yi nufin rubuta abin da ya auku tsakanin unguwarmu da ƙaramar hukumarmu a kan wani kwalbati, tun ina da sauran gani, kuma tun kafin masu ba da labarin a bakin kasuwa su gama ƙara masa gishiri. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko na garinmu ko na mutum. Ba tsoro ne ya hana ni ba. Masu sunayen suna da 'ya'ya, kuma 'ya'yan suna durƙusawa su gaishe ni.

Garinmu ƙarami ne, yana gefe da babbar hanyar da motoci ke bi zuwa Tudun Wada. Unguwarmu ta malamai ce, tana gindin gangara, ni ne kuma limaminta tun rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ban gaji shanu ba, gonar da na gada kuma ba ta kai a yi maganarta ba. Abin da na gada soro ne guda a jikin zaure, cike da littattafai rubutun hannu, kowanne a cikin gafakarsa ta fata. Waɗansu kakana ne ya taho da su daga Barno, waɗansu mahaifina ya kwafa da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, lokacin da yake neman ilmi a wajen malaman Bebeji. A cikin wannan soro na koyi karatu, a cikinsa nake karantar da dattawan da ke zuwa da hantsi. Shi ne abin da na yi ta tsoron rasawa a cikin duk abin da zan faɗa.

Kowace damina ruwa yana gangarowa daga tuddan kudu, ya biyo wani kwari da ke bayan gidajenmu, gefe da burtalin shanu, ya tsallaka hanyar garin a daidai gindin wata tsohuwar ɗorawa, ya faɗa fadama. Haka na tarar, haka mahaifina ya tarar. Idan aka yi ruwa mai yawa, masu babur su tsaya a gindin ɗorawar su yi ta tsaki har ya janye, sa'an nan su wuce. Bai taɓa leƙo zauren kowa ba, domin babu wanda ya tare masa hanya.

Sai wata shekara aka ce ƙaramar hukuma ta ba da kwangilar gyara hanyar. Aka yi murna, ni ma na yi. Da bazara ɗan kwangila ya iso da tifofi da gireda. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, da waya biyu a hannu, wanda ba ya wuce dattijo bai rusuna ba. Aka yi ta zuba jar ƙasa ana dannewa, har hanyar ta tashi ta kai ƙirjin mutum a daidai ɗorawa. Kwalbati ɗaya ne a cikin kwangilar, wato ƙofar siminti da ake yi wa ruwa a ƙarƙashin hanya. Da aka zo gina shi, sai aka ga yashin kwarin yana riƙe tayar tifa, direbobi suna ƙorafi. Saboda haka aka sauke siminti da tsakuwa a kan tudu, jifa biyu daga ɗorawa, inda ƙasa ke da tauri. Inda aka sauke kaya kuwa, nan aka gina kwalbati.

Wanda ya fara lura shi ne Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune a bayan gari suna kiwo suna noma. Tsarana ne, kuma da yake kakana Babarbare ne, akwai wasan nan na Fulani da Barebari a tsakaninmu, wanda ya ba shi izinin faɗa mini abin da ko dagaci ba zai faɗa ba. Ya leƙo zaure da sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Babarbare, ajiye takardar nan ka taso ka ga ikon Allah. An yi wa ruwa ƙofa a inda bai taɓa bi ba."

Na ce, "Kai da ko baƙi ɗaya ba ka iya karantawa, me ka sani game da aikin injiniya?"

Ya ce, "Ban san injiniya ba. Na dai san inda saniyata take jiƙa ƙafa."

Muka tafi tare. Muka sami ɗan kwangila a inuwar motarsa, ya miƙe ya gaishe mu da kyau. Na yi masa bayani a hankali cewa ruwanmu ta gindin ɗorawa yake wucewa, kuma ƙasan wannan kwalbati ya fi dokin ƙofar gidana tudu.

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai aikin nan ba da ka ake yin sa ba. Injiniyan hukuma ya zo ya duba, ya gamsu."

Ardo ya ce, "Alhaji, da rani ya zo ko da damina?"

"Baba Ardo, kada ka damu. Ruwa ai zai nemo hanyarsa."

"Wannan kam ka faɗi gaskiya. Zai nemo ta. Ta ɗakin wannan Babarbaren za ta bi."

Ɗan kwangila ya yi dariya har da buga ƙafa, ya raka mu 'yan taku. Na koma gida na ce a raina, mutanen da suka yi boko a kan aikin hanya sun fi ni sanin hanya, kamar yadda na fi su sanin rabon gado. Ban rubuta wa kowa takarda ba. Da aka gama, aka shafa wa kwalbati farin fenti, aka yi taron buɗe hanya, ni ne ma na yi addu'a. Kafin mako ya zagayo awakin unguwa sun gano shi, suka mai da shi wurin shan inuwa.

Ruwan farko da na biyu ƙasa ta shanye. A tsakiyar marka ne, wata Talata bayan azahar, aka tsuge da ruwa wanda bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Kwarin ya ciko, ya taho kamar yadda ya saba, ya iso gindin ɗorawa, ya tarar da katangar jar ƙasa. Ina tsaye a ƙofar zaure ina kallo. Ya tsaya, ya taru, ya yi ta kumbura, sa'an nan ya juyo ya fuskance mu. Ba a yi asarar rai ba, alhamdulillahi, domin da rana ne kowa na gani. Amma katangu sun narke, rumbuna sun zauna a ƙasa da sauran hatsin bara a cikinsu, ɗakuna da dama sun rufta. Ruwan ya shiga sorona har gwiwa. Da na ɗago gafaka ta farko daga layin ƙasa, baƙin ruwa ya biyo hannuna har gwiwar hannu, na tsaya ina dubansa, na san rubutun mahaifina ne ke zuba. Abin da ke sama ya tsira, na ƙasa ya tafi, bangon gabas kuma ya tsage tun daga tushe.

Da ruwa ya ɗauke, Ardo ya ja ni muka hau tudu. Awaki na kwance a cikin kwalbati suna tuƙa, ko gashinsu bai jiƙe ba. Na sa hannu na taɓa ƙasan, ƙura na ɗebo. A duk unguwar, wurin da aka gina domin ruwa shi kaɗai ne ruwa bai shiga ba.

Kwana uku bayan haka hukuma ta aiko a yi mana jaje. Sakatare ne ya jagoranci tawagar, mutum siriri mai taushin murya, tare da kansilanmu da wani akawu riƙe da fayil. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Sakatare ya yi jaje mai kyau, har ya kawo ayoyin haƙuri, bai kuwa yi kuskure a karatunsu ba. Da ya gama, kowa ya dube ni, domin liman ne ke amsa jaje a madadin jama'a. Kowa kuma ya san yadda ake amsa shi. Wanda ya tako ya zo yi maka jaje ba ka tarbarsa da ƙorafi, ko da gobara ce ta tashi daga murhunsa. Na faɗi abin da na faɗa a wuraren jajen da ba sa ƙirguwa: "Mun gode, Allah ya ba da lada. Abin daga Allah ne, shi ya ba mu, shi ya karɓa. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba."

Na ga akawun ya sunkuya yana rubutu, na ɗauka sunayen waɗanda suka halarta yake ɗauka. Aka sauke tabarmin roba da bokitai da gidajen sauro, aka miƙo mini takarda aka ce in sa hannu cewa tawaga ta zo, kaya sun iso. Da boko aka rubuta ta, wanda ba na karantawa. Na sa hannu da ajami, har na ƙawata shi. Da aka shigar da rabonmu cikin gida, uwargidana ta ɗaga bokitin ta jujjuya shi, ta ce, "Malam, mutanen nan suna da hangen nesa. Sun kawo mana abin kwashe ruwan baɗi."

Da kaka ta yi, hanya ta bushe, muka shirya ni da mai unguwa da Ardo muka hau ƙaramar bas zuwa sakatariya. Buƙatarmu biyu ce: hukuma ta amsa cewa aikinta ne ya jawo ɓarnar, kuma a buɗe wa ruwa hanyarsa kafin wata damina. Zuwan farko aka ce sakatare yana taro. Zuwa na biyu aka ce ya tafi Kano. A na uku muka same shi, ya tashi da kansa ya ja mini kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya saurare mu har muka gama. Sa'an nan ya aika aka ɗauko fayil, ya buɗe, ya fassara mana sannu a hankali. Rahoton ya ce limamin unguwa, a madadin jama'arsa kuma a gaban shaidu, ya tabbatar da cewa ambaliyar daga Allah ce, kuma ba sa zargin kowa. Ya juyo takardar ya nuna mini sa hannuna, da ƙawarsa. Ya ce a kan wannan ne kwamiti ya sanya lamarin a cikin bala'o'in da ke saukowa daga sama, waɗanda hukuma ke jajantawa amma ba ta ɗaukar alhakinsu, don haka babu dalilin kiran ɗan kwangila.

Na dubi sa hannun nan nawa. Sa'an nan na gyara zama na yi masa karatu. Na ce babu abin da ba daga Allah yake ba, har zamansa a kan wannan kujera da zuwana gabansa, amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke lamuni daga kan wanda ya yi sababi ba. Na ce malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Wanda ya karkata indararonsa zuwa katangar maƙwabci har ta faɗi, shi zai gina ta, ko da yake ba shi ya saukar da ruwan ba. Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a jaki ya faɗa ya karye, shi zai biya, ko da yake ajalin jakin rubutacce ne. Mai sana'ar da aka ba aiki ya ɓata da sakaci, yana lamunta. Wanda kuma ya ɗauki ma'aikaci, ya aika wakilinsa ya duba aikin, ya ce ya gamsu, ya karɓa, to aikin ya zama nasa, da kyansa da muninsa. Na ce maganar da na yi a ƙofar masallaci amsar jaje ce, ladabi ne na Musulmi ga baƙonsa, ba shaida ba ce a gaban alƙali.

Ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraren tafsiri. Da na kai aya ya ce, "Masha Allahu. Wallahi Malam mun ƙaru. Amma Allah gafarta Malam, ka dube ni. Wane ni in ɗauki biro in rubuta cewa ba daga Allah ba ne, bayan liman da bakinsa ya ce daga Allah ne? Ai sai imanina ya samu matsala."

Mai unguwa ya ce, to tun da haka ne, a ba mu izini mu fito da diga da shebur mu yanka hanyar a gindin ɗorawa da kanmu. Nan ne muryar sakatare ta bar taushi. Ya ce hanya dukiyar gwamnati ce, duk wanda ya sa mata diga zai yi bayani a ofishin 'yan sanda, kuma yana roƙon kada a sa shi ganin dattawa a irin wannan wuri.

A cikin bas Ardo ya bari muka yi nisa. Sa'an nan ya ce, yadda duk fasinja za su ji, "Jama'a, ku ga mutumin da ya shekara hamsin yana karatu, akawu ya ɗaure shi da igiyar bakinsa. Da ni aka bari na amsa jajen, da Fillanci zan yi, su rubuta in gani."

Na taɓa cin karo da ɗan kwangila a kasuwar Tudun Wada bayan haka. Ya durƙusa har ƙasa, ya yi mini jaje na biyu, ya ce shi bawan takarda ne, injiniya ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Na nemi injiniyan, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Na koma wa kansila, ya ce magana tana wurin sakatare. Ta haka na zagaya na dawo kan fayil, fayil kuma ya dawo da ni kan bakina.

Rani ya wuce. Na sa aka liƙe tsagar bango, aka ɗaga katakan littattafai sama, amma maginin ya faɗa mini gaskiya cewa idan ruwa ya sake kwanciya a gindin bangon nan, soron zai zauna gaba ɗaya. Uwargida ta ce a kwashe littattafan a kai gidan ƙaninta a Yako. Na ce sai dai in ruwan ya kai su da kansa. Ta ce ai kuwa ya san hanya.

Damina ta sake kamawa, shekarar kuwa ta zaɓe ce. Sai ga saƙo cewa ciyaman da kansa zai zo garinmu rabon takin zamani. Masu shirya taro suka duba suka ga babu fili mai faɗi da inuwa kamar gindin ɗorawa, inda ruwan bara ya shimfiɗa yashi mai laushi. Nan suka kafa rumfuna, nan aka jera kujeru, nan kuma motoci suka sauka suka yi layi a jikin katangar hanya. Babu wanda ya tambaye mu, mu kuma a wannan karon ba mu ba da shawara ba.

Bayan azahar aka hallara. Ciyaman ya zauna a tsakiya cikin farar shadda, sakatare a damansa, ɗan kwangila a bayansu. Ina zaune a gefe ina jiran a kira ni buɗe taro, sai Ardo ya tsuguno kusa da kunnena. Ya ce, "Dubi kudu. Hadarin can ya riga ya zuba a kan tuddai, tun ɗazu na sa aka janye shanu daga kwari. Ruwan yana tafe, amma kafin ya iso sun raba takinsu sun tafi. Babarbare, in kana da sauran amfani a duniya, yau ne."

Mai gabatarwa ya miƙo mini abin magana, ya raɗa mini cewa a taƙaita saboda hadari. Na ce to. Na ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Mai karatu ya sani cewa a ƙasarmu idan liman ya ɗaga hannu, babu mai sauke nasa sai an shafa. Talaka ma ba ya yi, balle mai neman ƙuri'a a gaban jama'ar da yake nema a wurinsu. Na fara da yabon Ubangiji da salati, ban gaggauta ba. Na roƙa wa iyayenmu gafara, da kakanninmu, da malamanmu da malaman malamanmu. Na bi mamatan garin unguwa unguwa. Na shiga gona, na roƙi albarka ga dawa, na roƙa wa gero, na roƙa wa masara da shinkafa da gyaɗa da wake, kowanne da irin cutar da nake nema masa tsari daga gare ta. Na koma kan dabbobi, na ji Ardo ya ɗaga murya da amin. Na roƙa wa matafiya sauka lafiya, na kan babur da na cikin mota, masu zuwa Kiru da masu dawowa daga Doguwa. Duk inda na ja numfashi, sai amin ta tashi da ƙarfi daga kujerun gaba, irin amin ɗin da ke nufin a rufe, ni kuwa sai in buɗe wani babi.

Iska ta taso ta fara kaɗa rumfa. Mai gabatarwa ya yi tari sau uku. Na shiga addu'ar shugabanni, wadda babu shugaban da zai so a gajarta ta. Na roƙa musu adalci, da lafiya, da mashawarta nagari, da idon da ke ganin abu yadda yake. Ta ƙasan gira na hangi hannayen ciyaman sun fara rawa don gajiya, sakatare yana satar kallon sama. Aka fara yayyafi, na ci gaba. Ruwa ya kece, na ci gaba. Sai da na ji sanyi ya taɓa tafin ƙafata, na duba na ga jan ruwa yana bi ta ƙarƙashin kujeru, sa'an nan na ce a yi fatiha.

Kafin a gama shafawa wuri ya rikice. Jama'ar gari suka ruga gidajensu, baƙi suka nufi motoci suka tarar ruwa ya kai rabin taya, yashi kuma ya riƙe su kamar yadda ya riƙe tifofin bara. Rumfa ta kife. Babu wata mafaka kusa sai guda ɗaya, a kan tudu. Can 'yan rakiya suka ja ciyaman, sakatare da ɗan kwangila suka bi, ni da Ardo muka taka a hankali muka same su. Manyan ƙaramar hukumarmu na tsugune a cikin kwalbati, kawunansu na gogar siminti, awaki sun matsa gefe sun ba su wuri ba da son ransu ba.

Daga bakin kwalbatin ana ganin komai. Ruwa ya daki katangar hanya ya tsaya, yana hawa jikin motoci, gefensa kuma ya fara lanƙwasa zuwa unguwarmu. Ina hango soron mahaifina, da jan ruwa yana rarrafe zuwa gare shi. Bakina yana motsi, kuma wannan addu'ar ba ta taro ba ce.

Ciyaman ya dubi ƙurar da ke ƙarƙashin takalminsa, ya dubi tafkin da ke cin motarsa, ya ce, "Wai me ya sa ruwan ba ya biyowa ta nan?"

Ɗan kwangila ya duƙufa a kan wayoyinsa biyu. Sai Ardo ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin ba a kai masa takarda ba ne. Shi har yanzu tsohuwar hanya ya sani."

Ciyaman ya juyo gare ni. "Allah gafarta Malam, haka aka yi bara?"

Na ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe. Daga Allah ne, yana cikin fayil, sakatare shaida ne. Sai dai bara ban ƙarasa maganar ba saboda ladabin jaje, yau kuwa ba jaje kuka zo ba. Ruwan daga Allah yake. Katangar da ta tare shi, hukumarka ce ta ba da aikinta, ta duba, ta karɓa."

Wani ɗan rakiya ya leƙo ya ce ruwa ya fara shiga cikin motar ciyaman. Ciyaman ya ce, "A yanka hanyar."

Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, dukiyar gwamnati..."

"Motar fa, ba ta gwamnati ba ce? Na ce a yanka!"

Ardo ya fita cikin ruwa yana ƙwala wa mai unguwa kira. Magidantan unguwarmu, waɗanda digoginsu ke jingine a bayan ƙofa tun kaka, suka fito kamar dama jira suke. Suka hau hanyar a daidai ɗorawa suka sara. Da suka buɗe 'yar kafa, ruwan ya karɓi aikin daga hannunsu, ya yage jar ƙasar ya faɗa fadama da ƙara. Da na isa gida na tarar ya taɓa dokin ƙofar zaure, ya bar layin kumfa da tsinkaye, ya koma. Na shiga soro na dafa bangon gabas, a bushe yake. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Da rani aka gina sabon kwalbati a gindin ɗorawa. Ɗan kwangilar nan dai aka ba, domin an ce ya riga ya san wurin. Aka kafa allo a gefensa, aka karanta mini abin da ke jiki: tallafi ne daga mai girma ciyaman ga al'umma. Ba a ambaci gyara ba, balle kuskure. Waɗanda rumbunansu suka zauna ba a ce musu komai ba bayan bokitin nan, ni ma ba a tambaye ni abin da ke cikin gafakan layin ƙasa ba. Fayil yana nan yadda yake, kuma a iya sanina har yau ni ne babban mashaidin hukuma. Ranar buɗe sabon kwalbatin ni aka kira addu'a. Sakatare da kansa ya tako har zaure kwana ɗaya kafin taron, ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce ciyaman yana fama da ciwon kafaɗa. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na kuwa taƙaita.

Na sha tambayar kaina game da waccan doguwar addu'a, ko niyyata ta tsarkaka. Ban roƙi ruwa ba, ban roƙa wa kowa sharri ba, kuma duk abin da na roƙa wa gero da matafiya da shugabanni da gaske na roƙe shi. Amma na san abin da nake jira, Allah kuma ya fi ni sani, don haka ina neman gafararsa a kan abin da ya gauraya. Ardo ya ce in daina damun kaina, wai a duk addu'o'ina ita kaɗai ce ya ga an amsa tun ban sauke hannu ba. Takardun da tawadarsu ta wanke ban zubar ba, suna cikin gafakansu a layin sama. Har yanzu idan aka zo mana jaje ina cewa abin daga Allah ne, domin gaskiya ce, sai dai nakan fara duba ko akwai mai riƙe da biro. Tsohon kwalbatin yana nan a kan tudu, fentinsa bai ko dushe ba, awaki sun hayayyafa a ciki.

Allah ya sa ruwan bana ya zame wa mai karanta wannan albarka a gonarsa, ya tsare masa katangarsa da rumbunsa da abin da ya gada, ya rufa asirin iyalinsa manya da ƙanana, ya haɗa shi da masu riƙon amana a duk inda buƙata ta kai shi. Allah ya gafarta mana, da iyayenmu, da malamanmu. Amin.